Gaban Riga: Tarihin Aikin Ƙirji Tsakanin Damagaram da Kano

Gaban riga shi ne filin da ya taso daga wuyan babbar riga, ya sauko ta kan ƙirji, ya mamaye aljihu har kusan cibiya. A nan maɗinkan ƙasar Hausa suke tara aikinsu, a nan kuma kuɗin riga yake. Dalilin haka yana cikin yadda ake sa ta. Faɗin babbar riga yakan kai daga yatsun wannan hannu zuwa na wancan, wani lokaci har ya zarce, don haka mai ita sai ya naɗe hannuwanta ya aza a kafaɗa. Da ya yi haka, gefe da gefe sun shige cikin ninki, abin da ya saura a buɗe ƙirji ne da tsakiyar baya. Ko mutum yana bisa doki, ko yana harɗe a fada, gaban rigarsa ne yake fuskantar jama'a, shi ya sa aka zuba masa duk abin da allura za ta iya.

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka a yankin Matamai, cikin jihar Damagaram, yana kallon Kongolam ta ɓangaren Daura. Titin da ya taso daga Zinder ya biyo ta Takieta da Matamai a nan yake ƙetarawa Nijeriya, ya bi ta Daura da Kazaure ya faɗa Kano, tafiyar kimanin kilomita 240 ke nan daga birni zuwa birni. Manyan masu zanen riga mazauna birane ne, Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Bida da Zinder. Garuruwan karkara irin na wannan yanki nasu rabon daban ne: su ke noma auduga, matansu ke kaɗi, 'ya'yansu ke tafiya almajiranci da ci-rani su koyo allura, sannan su ne masu saye idan amfanin gona ya yi kyau. Tarihin gaban riga a nan tarihin hanya ne da kasuwa da fada.

Rigar dauri ba daga yadi guda ake yanko ta ba. Masaƙa maza suna saƙa fari siriri mai tsawo, a yanka shi ƙwarya-ƙwarya, a haɗa gefe da gefe da allura. Yawan ƙwarya da ƙanƙantarta su ne ma'aunin farko na daraja, domin riga mai ƙwarya ɗari ta ci aikin da mai ashirin ba ta ci ba. Idan an haɗa jiki, sai a ɗora wani babban ƙyalle a gefen hagu na ƙirji, shi ne aljihu, kuma a kansa mafi yawan aikin yake zama. Wannan ya sa gaban riga ba ya daidaita hagu da dama. Hagu cike yake maƙil, dama kuwa zane guda ne mai kewaye, wanda ake kira tambari, da sunan gangar sarauta. Wani tambarin yakan koma tsakiyar baya, a haɗa shi da na gaba ta kan kafaɗa. Daga ciki akan yi wa bakin riga shafi da ƙyalle mai launi, yadda idan an naɗe hannu zai leƙo.

Zanen da ya fi shahara shi ne aska, wato tsini mai kusurwa uku, dogo siriri, kansa na kallon ƙasa. Rigar da ke da biyu a gefen wuya ita ce aska biyu. Wadda aka ƙara wa wasu gajeru har suka cika takwas ita ce aska takwas, kuma ita ce sarauniyar rigunan ƙarni na 19. A ƙarƙashin asaken akwai gidan biyar, murabba'ai biyar da aka jera yadda malamai suke jera gidajen hatimi a kan allo, da dagi, igiyar da ta sarƙe kanta ba a ganin farkonta balle ƙarshe. Wannan dagin ne daga baya ya zama tambarin Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Rigar da aikinta ya malale gaba da baya har kusan gindi ana ce mata malum-malum, mai ɗan aiki kaɗan a wuya kuwa kwaɗo da linzami. Akwai masu cewa asaken kariya ce daga kambun baka da maƙiya, kuma kamar da ke tsakanin gidan biyar da hatimi tana ba wannan magana ƙarfi. Sai dai maɗinki da mai saye sun fi ɗaukar su a matsayin sunan aiki da farashinsa.

Ba hannu ɗaya ke gama riga ba. Mai zane daban, kuma sau da yawa malami ne, domin alƙalamin kara da tawadar da yake rubutun allo da su, da su yake fitar da aska da tambari a kan fari, ba tare da ma'auni ba sai ido. Wanda ya saba ƙawata allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ba ya shan wuya a gaban riga. Daga hannunsa sai aiki ya koma wurin masu cikewa, waɗanda yawancinsu gardawa ne da manyan almajirai masu neman na abinci tsakanin karatun safe da na dare. Wani ya ƙware a cin wuya, wani a asake, wani kuma a ƙananan hujin nan da ake hudawa ɗaya bayan ɗaya a kewaye kowanne da zare, dubbai a aljihu guda, har wurin ya koma kamar saƙar zuma. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin ido da kwanaki, kuma riga mai cikakken aiki takan yi watanni a zaure. Idan an gama sai a kai ta wurin masu bugu, su ɗora a kan gungume su yi ta dukanta da mabugi har zaren ya kwanta ya yi sheƙi. Dillali ne ke haɗa waɗannan mutane duka, shi ke ba da fari da zare, shi ke biyan lada, shi kuma ke kwashe riba mafi tsoka.

Zaren aiki iri uku ne a da. Na farko auduga, fara ko rinanniya. Na biyu tsamiya, silikin daji da wasu tsutsotsi suke saƙawa a dunƙule a jikin itatuwa, ciki har da itacen tsamiya. Ana dafa gidan nasu da ruwan toka har danƙon ya saki, a shanya, mata su kaɗa da mazari. Launinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta walƙiya sosai, amma tana da ƙarfi, kuma aikin tsamiya a kan saƙi, baƙin saƙa mai ɗigon fari irin jikin zabuwa, shi ne ado na dattawa masu hali. Na uku alharini, siliki ja mai shuɗi-shuɗi, wanda ba a ƙasar Hausa yake fitowa ba. Ragowar masaƙun silikin Faransa da Italiya ne, ake rina shi, ya sauka Tarabulus, fataken Gadamas su ɗauko shi a raƙuma ta Gat da Abzin da Agadas, ya biyo ta Zinder ya isa Kano. Da shi ake saƙa barage, da shi ake shafin riga.

Riga mai faɗi tsohuwa ce a Afirka ta Yamma. A kogunan Bandiyagara na ƙasar Mali an tono rigunan auduga masu ƙwarya-ƙwarya na ƙarni na 11 da na 12, a birnin Ulm na Jamus kuma akwai riguna biyu da aka kai daga gaɓar tekun ƙasar Binin ta yau tun kafin 1659. Amma gaban riga yadda aka san shi, da aska da tambari da gidan biyar a wuraren da suka zauna, a ƙarni na 19 ya kafu. Rigar da Turawan Ingila suka samo a Eggan ta ƙasar Nufe a tafiyarsu ta kogin Kwara ta 1841 tana nuna cewa tsarin ya riga ya nuna a lokacin. Abin da ya yaɗa shi daular Usmaniyya ce. Jihadin da ya fara a 1804 ya haɗa Kano da Zazzau da Katsina da Nufe da Ilori da Adamawa ƙarƙashin tuta ɗaya, masaƙa da marina da maɗinka suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, wasu da son ransu, da yawa kuma a matsayin bayin da aka kamo a yaƙi. Riga ta zama kayan mulki: sarakuna suna aika ta Sakkwato da Gwandu cikin gaisuwa, Sarkin Musulmi yana raba ta ga malamai da sarakunan yaƙi, wanda aka naɗa kuma da riga da rawani da alkyabba ake tabbatar masa.

A nan akwai abin lura. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an san shi da gudun duniya, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa sa tufafi ba tare da kula da halal da haram ba cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa. Shari'a ta hana maza siliki, hadisi ya yi rangwamen abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan yake karantawa, ta ambaci saɓanin malamai game da ratsin siliki a jikin tufa. Duk da haka a daular da Shehu ya kafa ne aikin tsamiya da alharini ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ana iya karanta fasalin rigar a matsayin sulhu tsakanin littafi da fada: jikinta auduga, mai rufe al'aura, babu hoton mai rai ko ɗaya, silikin kuma an tattara shi a ƙirji da bakin shafi. Cewa ya tsaya a yatsu huɗu kuwa, aska takwas ba za ta ba da wannan shaida ba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ce Tumbutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300. Ya lura kuma cewa mafi kyawun riguna a kasuwar Kano daga Nufe ake kawo su, abin da sunan girken Nufe yake tunatarwa har yau. Kano ta fi ƙarfi a rini. Kura da garuruwan kewayenta ke fitar da kore da turkuɗi, baƙi wuluk mai ƙyalli saboda shuni da bugu, waɗanda Buzaye da Barebari ba su da abin so kamarsu. A Kukawa ya tarar ana ciniki da riguna a matsayin kuɗi idan sayayya ta yi girma.

Damagaram ba ta cikin daular Usmaniyya. Ga Borno take biyayya, kuma a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Zinder ya ƙera igwa ya yi mulki har 1884, ta zama ƙasa mai ƙarfin kanta. Kudancinta, ƙasar Kance da Matamai ta yau, tsohuwar maƙwabciyar Daura ce ta jini da sarauta. Da masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura wajen 1805, sarkinta, Sarkin Gwari Abdu, ya fice arewa, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure a inuwar Damagaram, sai a 1906 Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa, ɗan wannan zuriya, gadon kakanninsa a Daura. Wato kusan shekara ɗari wannan yanki yana bakin daga tsakanin masu tuta da waɗanda suka ƙi bin su, har Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu. Gabar ba ta taɓa shafar riga ba. Fadawan Zinder da na Zango da na Kano iri ɗaya suke sawa, alharini yana gangarowa kudu, ɗinkakkiyar riga tana haurawa arewa. Abin da ya bambanta fadar Damagaram shi ne kusancinta da Borno da Larabawa: rigunan Barebari masu aiki kewaye da wuya, da kayan Tarabulus da Tunis irin su alkyabba da kufta da jabba da falmaran, ƙaramar riga marar hannu mai aikin zaren zinariya ko azurfa a ƙirji, wadda ake sawa daga ciki a bar gabanta ya fito.

A wancan zamani adon ƙirji na allura na maza ne. Matan Hausawa ɗaurin ƙirji suke yi da zane, adonsu na wuya murjani ne da tsakiya da azurfa. A Turai abin ya juya. Daga ƙarni na 16 zuwa ƙarshen na 18, rigar matan manya a Ingila da Faransa da Sifen a buɗe take ta gaba, sai a rufe wurin da wani ƙyalle dabam mai kusurwa uku, faɗinsa a sama, tsininsa a ƙugu, an ƙarfafa shi da kwali ko ƙashin bakin kifin teku don ya tsaya ƙyam. A kansa ake zuba aikin siliki da zaren zinariya da lu'ulu'u. Hotunan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, suna nuna shi dogo har ƙasan cibiya, na Madam Pompadour a fadar Luwi na 15 kuma an jera masa ƙullin ribon daga babba zuwa ƙarami. Da allurai ake maƙala shi kullum, don haka riga ɗaya takan yi gaba biyu ko uku ana sauyawa. Wajen shekarun 1790, da yayin riguna marasa nauyi ya shigo, sai aka yar da shi. Na Hausa ɗinke yake a jikin riga, ba ya matse jiki, kuma bai mutu ba.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, Ingilishi sun ci Kano a 1903, hukumar Tilho da O'Shee kuma ta bi daji tana kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Layin da suka ja shi ne ya bar Ɗan Barto a hannun Faransa, Kongolam a hannun Ingila. Abin da ya fi layin tasiri a kan riga shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Ayarin hamada ya mutu, alharini ya yi wuya, kaya suka koma shigowa ta teku. Akoko da farin yadin Manchester suka rage wa masaƙa kasuwa, shadda ta zo daga masaƙun Turai, kuma saboda faɗinta ba a bukatar haɗa ƙwarya. Zaren kanti mai launuka ya maye gurbin tsamiya. A ɗaya ɓangaren, gyaɗa ta sa kuɗi a hannun manoman Matamai da Magarya kamar yadda ta sa a hannun na Kano, ga raken fadamun Korama, sai rigar da a da sai basarake da attajiri ta shiga adakar talaka, ko da ta aska biyu ce, a ajiye ta don Salla da Juma'a da ɗaurin aure.

Bayan 'yancin kai a 1960 babbar riga ta zama tufar gwamnati a ƙasashen biyu. Da ita aka san Tafawa Ɓalewa da Sardauna, da ita aka san Diori Hamani. A daidai wannan lokaci keken aiki ya bazu, musamman na kamfanin Cornely na Faransa, mai yin ɗinkin sarƙa yana juyawa ko'ina hannu ya juya shi. Abin da gardi zai yi wata uku a kai, keke yana gama shi cikin kwana biyu, amma ya fi son zane mai lanƙwasa da kewaye, don haka ya sauya fasalin gaban riga: aiki ya koma tsakiya, hagu da dama suka daidaita, aljihun hagu ya ragu. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma kammala kundinsa kan ɗinkin Hausa a 1979, ya tattara zane-zane da sunayensu a daidai gaɓar da tsohon tsari da sabo suke tafiya tare. A birnin Zariya wani sauyin ya biyo baya. Da samari suka watse zuwa boko da aikin albashi a shekarun arzikin mai, matan kulle suka ɗauki allurar, har aikin hannu na babbar riga ya zama sana'ar cikin gida, abin da a da ba a san mace da shi ba.

Yau yawancin maza a wannan yanki kaftani suke sawa, ko tazarce, wadda ta samo suna daga siyasar ƙarshen mulkin Abacha, kuma adon ya tsuke ya koma layi biyu a gefen maɓalli da bakin aljihu. Keken kwamfuta yana buga zane ɗaya sau ɗari ba kuskure. Shaddar Getzner ta Ostiriya ita ce ta masu hali, ta Sin kuma ta kowa. Kaya suna bin canjin kuɗi: idan naira ta faɗi, telan Matamai da Zinder sukan sayo yadi da zare a Kantin Kwari na Kano ko a kasuwar Mai'aduwa, da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 kuma lissafin ya juya na wani lokaci. Rufe iyaka na 1984 zuwa 1986, da na 2019 zuwa 2020, da na 2023 zuwa 2024, kowanne ya tsadar da ɗinkin Salla a ɓangarorin biyu, ko da yake hanyoyin daji ba su taɓa rufuwa ba.

Aikin hannu ya ragu amma yana da masu nemansa: sarakuna da hakimai da masu unguwanni, angwaye, 'yan siyasa, da mahaya a hawan Salla na Zinder da Daura. Mai saye da ya san kaya yakan juya aljihu ya duba ciki. Aikin keke bayansa a shimfiɗe yake, zaren ƙasa ya bi layi ɗaya ba tangarɗa. Na hannu yana da ƙulli da ƙarshen zare nan da can, hujinsa ba su zama girma ɗaya ba, kuma a sabuwar riga akan ga ragowar tawadar mai zane a gefen aska kafin a yi mata wankin farko. Saƙi da tsamiya na gaske sun fi wuyar samu, domin masu kaɗa tsamiya da masu saƙa siririyar ƙwarya sun yi ƙaranci, shi ya sa tsofaffin riguna na gado suke da kasuwa a hannun dillalai, wasu su koma fada, wasu su tafi gidajen tarihi na Turai da Amurka.